Muzuru a kan fiyano: fashin baƙi kan fim ɗin Tom da Jerry da ya ci Oscar na 1946

Cikin dukan finafinan Tom da Jerry da muka taso muna kallo a talabijin, akwai guda ɗaya da ya fita daban. Babu tsere a tsakar gida, babu kaskon suya da ake kwaɗa wa wani a ka, babu kare, babu ramin ɓera a jikin bango. Dandamali ne kawai, da babban fiyano, da muzuru cikin baƙar kwat mai jela irin ta manyan makaɗan Turai. Tom ya fito a natse yana ɗaga hanci, ya rusuna wa jama'a, ya zauna, ya gyara zama, sannan ya ɗora yatsu a kan madannai. Tun daga nan har fim ɗin ya ƙare, wajen minti 7, bai rabu da kiɗan nan ba. Sunan fim ɗin The Cat Concerto, na kamfanin MGM, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta gajeren katun na shekarar 1946.

Kwanakin baya muna kallonsa a waya da ɗiyata 'yar shekara 6, sai na kashe sautin don in ga abin da zai rage. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Abba, mayar da kiɗan mana, haka ba daɗi." Gaskiyarta. Hotunan suna nan yadda suke, ɓeran yana tsalle, muzurun yana harara, amma dariyar ta gudu. A yawancin katun kiɗa ɗan rakiya ne, yana bin abin da ake yi daga baya. A wannan kuwa kiɗan ne uban tafiya, kowa shi yake bi, har da waɗanda suka zana fim ɗin.

William Hanna da Joseph Barbera su ne suka ƙirƙiro wannan muzuru da wannan ɓera a 1940, a sashen katun na MGM da ke Culver City a jihar Kalifoniya ta Amurka. Tsakanin 1940 da 1958 an saki gajerun finafinai 114 da suka yi da su, The Cat Concerto shi ne na 29. Ba don talabijin aka yi su ba, ba kuma don yara kaɗai ba. A wancan zamanin in ka sayi tikitin silima, kafin a sa babban fim sai a nuna maka labarai da ɗan katun na minti 7. Manya ne cike da ɗakin. Shi ya sa ake kashe musu kuɗi da lokaci yadda ba a yi wa katun na talabijin daga baya ba.

Dabarar da ta riƙe fim ɗin mai sauƙin faɗi ce: an ɗaure wa Tom hannu. A sauran finafinan, da zarar ya hangi Jerry sai ya yar da duk abin da ke hannunsa ya bi shi a guje. A nan ba dama. Yana gaban jama'a, ga ƙungiyar makaɗa tana rufa masa baya, ga mutuncinsa da yake ji da shi. In ya tsaya ya ji kunya, in ya ci gaba ɓera na masa ɓarna. Saboda haka duk martanin da zai mayar dole ya mayar da shi a cikin kiɗan, ba tare da masu sauraro sun gane akwai rigima ba. Wanda ya taɓa ganin makaɗin kalangu a tsakiyar taron biki ƙuda ya addabe shi a fuska, hannunsa ɗaya na kan tsirkiya ɗaya na riƙe da makaɗi, ya san irin wannan tsaka mai wuya.

Kuma rigimar ba Jerry ya tsokano ta ba, ba kuma Tom ba. Jerry barcinsa yake yi a cikin fiyanon. Nan ne ya kamata mu leƙa cikin wannan kayan kiɗa, domin wanda bai san cikinsa ba rabin fim ɗin zai wuce shi.

Fiyano yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Kowane madanni dogon katako ne da ya shige ciki. In ka danna bakinsa na waje, sai wata 'yar guduma da aka lulluɓe kanta da dannannen ulu ta zabura ta bugi tsirkiyar ƙarfe, ta koma wurinta. Wato abin da muke gani kamar shafa ne daga waje, a ciki duka ne. Gudumomi 88 ne jere kamar sojoji, kowace na jiran a taɓa ta. A kan waɗannan gudumomin masu laushi Jerry ya yi shimfiɗa. Da Tom ya fara jan yatsunsa daga wannan gefe zuwa wancan, sai gudumomin suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya kamar igiyar ruwa, suna mirgina ɓeran yana barci. Masu zanen ba su ƙirƙiri wani sabon abu ba a nan. Sun dai dubi yadda na'urar take aiki a zahiri, suka sa ɗan ƙaramin rai a tsakiyarta. Kusan duk abin dariyar da ya biyo baya daga jikin fiyanon aka ciro shi: murfin madannai da Jerry ya rufo wa Tom a yatsu har suka baje, madannin da Jerry ya ɓuya a ƙarƙashinsa Tom ya riƙa kaɗa shi da sauri yana rangwaɗa masa a ka, kujerar da ake murɗa ta ta yi sama ko ƙasa. Cikin 'yan abubuwan da aka shigo da su daga waje akwai almakashi da tarkon ɓera.

Wurin almakashin nan ya isa a tsaya a kansa. Tom yana kaɗa wani sashe da ɗan yatsansa yake zuwa can ƙarshen madannai ya taɓa guda ɗaya ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Jerry ya laɓe da almakashi yana jiran yatsan. Yatsa ya zo, ya datsa, ya makara. Ya sake zuwa, ya sake datsawa, ya sake makara. Haka har sau da dama, sai ga shi yana haki. Abin lura shi ne ƙarar almakashin tana faɗawa daidai cikin ramukan da ke tsakanin sautukan, har ta zama kamar wani ɓangare na kiɗan. Kunnenka ya riga ya san lokacin da yatsan zai dawo, saboda haka kana jiran datsar tun kafin ta zo, kuma jiran nan shi ke haifar da dariyar. Daga nan ya canza dabara, ya zare madannai ya ɗana tarko a gurbinsu. Tom ya yi ta kaɗa na dama da na hagu yana tsallake tarkon, mai kallo yana riƙe da numfashi, har kiɗan da kansa ya kai yatsan inda ba makawa.

Kiɗan da aka zaɓa ba na banza ba ne. Franz Liszt ne ya tsara shi, ɗan ƙasar Hangari da aka haifa a 1811 ya rasu a 1886, wanda a zamaninsa ba a yi gwanin fiyano da ya kai shi suna a Turai ba. Ya rubuta jerin kaɗe-kaɗe 19 da ya jingina su ga ƙasarsa, yana kwaikwayon salon makaɗan wata al'umma mai yawo da ake kira Romani, da ya ji a can. Na 2 a jerin shi ne wannan, ya tsara shi a 1847 aka buga shi a 1851. Ginin kiɗan kashi biyu ne. Kashin farko, da ake kira lassan, a hankali yake tafiya, da nauyi da ƙasaita. Kashi na biyu, friska, yakan faro kamar yayyafi, ya riƙa ƙara sauri, ya riƙa ƙara ƙarfi, har ya zama kamar doki ya ƙwace linzami. To ka ga labarin Tom da Jerry ke nan tun kafin a zana su: girman kai a farko, tsokana a tsakiya, hargitsi a ƙarshe. Hanna da Barbera ba su buƙaci su ƙago yadda rikicin zai hau ba, Liszt ya riga ya gina musu matakalar shekara 100 kafin su.

Asali fiyano kaɗai aka rubuta wa kiɗan. Scott Bradley, wanda shi ne mai kiɗan kusan dukan Tom da Jerry na wancan zamani, ya gajarta shi ya dace da tsawon fim, ya kuma haɗa masa ƙungiyar makaɗa a baya. Daga nan sunan fim ɗin ya samo asali, domin kalmar concerto a wajen Turawa tana nufin kiɗan da gwani ɗaya yake gaba, ƙungiya tana amsa masa. Wuri ɗaya ne aka kauce wa Liszt, inda Jerry ya hau gudumomin yana taka rawa ya juya kiɗan zuwa wata waƙar jirgin ƙasa da ake yayi a lokacin, daga wani fim ɗin MGM na 1946 da Judy Garland ta fito a ciki. Mu da muke kallo yau sai mu ji kiɗa ya canza kawai, amma 'yan kallon wancan lokaci sun san waƙar sarai. Ita ma ta ci Oscar a daren da katun ɗin ya ci nasa.

Yanzu ga inda wahalar take. Fim na silima hoto 24 yake nunawa a kowane sakan. In ka lissafa minti 7, hoto 10,080 ke nan. Ba kowane ɗaya ake yi wa sabon zane ba, wani zanen akan ɗauke shi sau biyu in motsin ba mai sauri ba ne, amma duk da haka dubban zane ake magana, kuma duk da hannu. Mai zane zai zana da fensir a takarda, a kwafe layukan da tawada a kan wata leda mai garai-garai, a shafa fenti ta bayanta, a ɗora ta a kan hoton dandamali, a ɗauka da kyamara, a cire a sa ta gaba. Aikin tawada da fenti galibi mata ne suke yin sa a kamfanonin wancan zamani, kuma ba a rubuta sunayensu a fim.

Barbera shi ne gwanin zana labari, shi ke fitar da yanayin fuska da tsayuwar jiki. Hanna kuwa aikinsa auna lokaci. Yana da takarda mai layi-layi da aka raba ta bisa bugun kiɗa, a ciki yake rubuta cewa wannan motsi hoto kaza zai ci, wancan duka a hoto na kaza zai sauka. A fim irin wannan, inda kiɗan ya riga ya kafu, babu wurin ja ko sassauci. In sauti ya faɗo a hoto na 12, to yatsan Tom ya kasance a kan madanni a hoto na 12, ba na 14 ba. Bambancin hoto biyu bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya ɓaci ba, zai dai ji wani abu bai zauna ba. Masu zane uku ne sunayensu suka fito a fim ɗin: Kenneth Muse, Ed Barge da Irven Spence. Dubi hannun Tom da kyau in ka sake kallo. In sautin ya yi ƙasa ya yi kauri, hannun yana hagu. In ya yi sama ya sirance, hannun yana dama. In an zo wurin ƙarfi, kafaɗunsa ne ke saukowa, ba yatsu kaɗai ba. Har lokacin da ya hau kan fiyanon yana laluben Jerry, yana kaɗawa da yatsun ƙafa, ba a saki wannan ƙa'ida ba.

Ƙarshen fim ɗin shi ne wurin da na fi so. Tom ya ƙule, ya cusa Jerry cikin gudumomin ya bi madannai da duka, gudumomin suka yi ta jibgar ɓeran ta ko'ina. Jerry ya fito a fusace, ya karya guduma biyu ya riƙe su kamar makaɗan ganga, ya fara bugun tsirkiyoyin da kansa daga ciki. A nan al'amarin ya juye gaba ɗaya. Tun farko Tom ke kaɗawa, na'urar tana wahalar da Jerry. Yanzu Jerry ke kaɗawa, Tom kuwa dole ya bi madannai da hannu don jama'a su ɗauka shi ne mai kiɗan. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Jerry ya kai ƙarshe, Tom ya miƙe zai karɓi tafi, sai Jerry ya sake ɗauko ƙarshen daga farko da ƙarin sauri. Ya sake yi masa haka. Kwat ta yage, hannayen riga suka zazzago, muzuru ya kife a kan fiyano. Fitila ta haska, sai ga ɓera cikin 'yar kwat tasa yana rusuna wa masu tafi. Ko a nan Tom bai tona asiri ba, ya gwammace ya faɗi da a ce kiɗa ya tsaya a hannunsa. Wannan ne ya sa nake tausayinsa a wannan fim fiye da kowane.

Sai dai fim ɗin yana da wata ƙura da ta bi shi har yau. A watan Nuwamba na 1946, kamfanin Warner Bros. ya saki wani katun mai suna Rhapsody Rabbit, wanda Friz Freleng ya ba da umarni. A ciki zomon nan Bugs Bunny ne ya fito cikin kwat, ya zauna gaban fiyano, yana kaɗa wannan kiɗa na Liszt, ɓera kuma ya fito daga cikin fiyanon yana damun sa, har ya ƙwace masa ƙarshen kiɗan. Kamar ta yi yawa. Kowane ɓangare ya zargi ɗaya da sata. Labarin da ya fi yawo shi ne cewa kamfanin Technicolor, wanda yake wanke wa dukansu biyun fim mai launi, ya yi kuskuren aika aikin wani zuwa gidan wani. Ba a taɓa tabbatar da wannan ba, kuma masana tarihin katun ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Kowa yana da hujjarsa. Masu goyon bayan Freleng suna cewa nasa ya riga fita kasuwa, domin The Cat Concerto sai a 26 ga Afrilu 1947 aka sake shi ga jama'a. Suna ƙarawa da cewa tun a 1941 Freleng ya taɓa gina wani katun sukutum a kan wannan kiɗa. Masu goyon bayan MGM kuwa suna tambaya: me ya haɗa zomo da ɓera? Muzuru da ɓera su ne abokan gabar da kowa ya sani. Akwai kuma masu ganin katari ne kawai, tunda kiɗan ya daɗe yana yawo a katun, har Mickey Mouse ya kaɗa shi a 1929, kuma duk wanda ya zauna zai yi wasa da fiyano ba wuya tunaninsa ya kai ga abin da ke cikinsa.

Ni dai a ganina tambayar wa ya riga wa ba ta kai tambayar wa ya yi me da shi muhimmanci ba. Bugs Bunny yakan dakatar da kiɗan don ya yi barkwanci. Wani a cikin jama'a ya dame shi da tari, ya ciro bindiga. Waya ta yi ƙara, ya ɗauka ya yi magana. Yana da ban dariya ƙwarai, amma kiɗan bawansa ne, in ya ga dama ya ajiye. Tom kuwa shi ne bawan kiɗan. Bai ce uffan ba, bai dubi mai kallo ya kashe ido ba, bai nemi hutu ba. Wannan takurar ita ta ba fim ɗin MGM nauyin da ɗayan bai samu ba, ita ce kuma ta sa yaron da bai san kalmar Turanci ko ɗaya ba zai fahimce shi daga farko har ƙarshe.

An ba da kyautar a Los Angeles ranar 13 ga Maris 1947, makonni kafin a saki fim ɗin a gidajen silima. Ita ce ta 4 a jere da Tom da Jerry suka ci, bayan ta 1943 da 1944 da 1945, a fagen da kamfanin Disney ya mamaye tun daga farkon shekarun 1930. Suka ƙara uku daga baya, jimla 7. Amma ko ɗaya ba a rubuta sunan Hanna ko Barbera a kai ba. A ƙa'idar lokacin furodusa ake ba kyautar, furodusan kuwa shi ne Fred Quimby, shugaban sashen katun na MGM, mutumin ofis da lissafin kuɗi wanda ba ya zane. Shi ke hawa dandamali ya karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan yana ci mini rai duk sanda na ga sunansa da manyan haruffa a farkon fim ɗin, na kuma tuna waɗanda suka zauna suna ƙirga hoto ɗaya-ɗaya don yatsan muzuru ya sauka a kan lokaci.

Zamanin bai daɗe ba bayan haka. Talabijin ta shigo gidaje, kasuwar gajerun finafinai ta ja baya, MGM ta rufe sashen katun a 1957. Hanna da Barbera suka kafa nasu kamfanin a shekarar, suka koma yi wa talabijin aiki da salon da ke rage yawan zane don a rage kuɗi, inda baki ke motsi jiki na tsaye. Sun yi suna da arziki a nan, amma irin aikin da aka zuba a hannun Tom bai sake dawowa ba.

Fim ɗin kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. A birnin Shenyang na ƙasar Sin, wani yaro da aka haifa a 1982 ya gan shi a talabijin yana ɗan shekara 2. Sunansa Lang Lang, kuma ya sha faɗa cewa ganin Tom a kan fiyano ne ya fara sa masa sha'awar kayan kiɗan. Yana shekara 3 aka fara koya masa. A 2008 shi ne ya zauna gaban fiyano a bikin buɗe wasannin Olamfik na Beijing.